Mahaifiyarmu za ta tashi daga ƙaramin filin jirgi, me ya kamata mu shirya?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba tashi daga ƙananan filayen jirgin sama, irin waɗanda jirgi ɗaya ko biyu kawai ke sauka a yini.

Mahaifiyarmu ce za ta je wurin yayanmu a ƙasar waje wata mai kamawa. Ta haura shekara 70, kuma gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta. A ƙasa tana takawa a hankali da sanda, amma matakala sai an riƙe ta, in ta hau uku ko huɗu sai ta tsaya ta huta. Ƙanwata ce za ta raka ta, ita ma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Filin da ke kusa da mu ƙarami ne, jirgi mai farfela ne ke zuwa ya kai mutane babban filin da ake tashi zuwa waje. In ba shi ba sai doguwar tafiyar mota, likitanta kuwa ya ce zaman mota na awoyi bai dace da ƙafar ba.

Jirgin sau biyu yake tashi, safe da yamma. Na yamman ya fi kwanta min, domin yana sauka saura awa biyu da rabi babban jirgin ya tashi, ba sai sun yi dogon zama ba. Yayanmu ya riga ya sayi tikitin babban jirgin, ni ce zan sayi na ƙaramin, kuma kamfanonin daban-daban ne. To awa biyu da rabin nan ta isa? Yaya ake yi da mai ciwon ƙafa a filin da babu rumfar nan da ake bi a shiga jirgi kai tsaye? Tana da maganin ruwa da take sha kullum, za a bar ta ta shiga da shi? Kuma gaskiya farfelar nan tana tayar min da hankali, wata ta ce min tsofaffin jiragen da aka gama yayinsu ne ake turo wa ƙananan garuruwa. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya Mai Yawo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kai su lafiya. Ni aikina gyaran na'urorin asibiti ne, galibi kuma ƙananan garuruwa ake kira na, don haka na sha zaman ɗakin jira a irin waɗannan filaye. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninki zan fara da shi: 'yar'uwa, kada ki sayi tikitin yamman nan.

Ƙaramin fili yana da daɗi ƙwarai ranar da komai ya tafi daidai. Matsalarsa ita ce ba shi da madadi. Jirgin da zai ɗauki Hajiya galibi daga wani wuri zai zo, ya sauke mutane, ya kwashi wasu cikin minti 25 ko 30, ya juya. Na yamma tun asuba yake kai da kawo tsakanin garuruwa, duk mintin da ya ɓata a wani wuri yana tafe da shi har ya iso gare ku. In ya makara da minti 20 a zangon farko, ya ƙara wasu a na biyu, kafin la'asar ya tara awa guda. A babban fili in jirgi ya samu matsala kamfani na iya jawo wani, ga injiniyoyi da kayan gyara a wurin, ga matuƙan da ke zaman ko-ta-kwana. A ƙaramin fili kuwa, fitilar gargaɗi ɗaya in ta kunna a gaban matuƙi, irin wadda sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin a tashi, sai a zauna jiran injiniyan, shi kuma sau da yawa a jirgin gobe zai iso.

Ga yadda abin yake a ido. Kuna zaune a ɗakin jira, ta gilashi kuna hango fili fayau babu jirgi. Matar da ta auna muku kaya ɗazu, ita ce dai ta sa riga mai ƙyalli ta tsaya a ƙofar fita da rediyo a hannu. Masu lodi sun jera akwatuna a kan keken ja sun koma inuwa sun zauna. Lokacin tashi ya yi har ya wuce ba wanda ya ce uffan, ba don rainin fasinja ba, su ma jira suke a kira su daga can. In kika ga masu lodin sun miƙe suna sa abin toshe kunne, jirgi ya kusa. In kuwa kika ga an juyo da keken akwatunan cikin gini, tafiyar yau ta fasa, sanarwa ce kawai ta rage.

Sai batun faɗuwar rana. Ba kowane ƙaramin fili ke da fitilun titin jirgi ba. Wasu suna da su, amma ma'aikatan hasumiya da na kashe gobara suna da lokacin tashi daga aiki. Jirgin fasinja ba ya sauka sai da motar kashe gobara a shirye. Ƙa'idojin ICAO, hukumar da ke tsara sufurin sama ta duniya, sun kasa filaye mataki 1 zuwa 10 gwargwadon tsawo da faɗin jirgin da ma'aikatan gobararsu za su iya yi wa aiki. Su ma matuƙa doka ta ƙayyade musu awoyin aiki a yini, in suka cika ko jirgi lafiyarsa ƙalau ba za su tashi ba. Ke nan jinkirin awa ɗaya da safe jinkiri ne kawai, da yamma kuwa yana iya zama soke tafiya gaba ɗaya.

Hazo da ƙura da ruwan sama mai ƙarfi su ma sun fi cin ƙaramin fili. Manyan filaye suna da na'urar ILS da ke jan jirgi har bakin titi. Ko da matakinta na farko, matuƙi na iya saukowa har ƙafa 200 daga ƙasa kafin ya yanke shawarar sauka, muddin ana hangen mita 550 a kan titin. Inda babu ita dole ya hango titin tun yana sama da haka, daga nesa. Shi ya sa za ki ji an ce jirgi ya zo ya yi shawagi a kan gari ya koma, alhali a babban fili ana ta sauka cikin yanayi iri ɗaya. A nan kam na safe ma ba shi da tabbas, domin a wasu wurare hazon safiya ya fi kauri. Bambancin shi ne in ya washe da hantsi ana iya tashi, ga sauran yini a gaba.

Duk wannan ma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tikiti biyu daga kamfani biyu yarjejeniya biyu ce da ba su san juna ba. Da tikiti ɗaya ne ya haɗa zangunan, in ƙaramin ya makara kamfani ne zai nema musu wani jirgin, akwatuna kuma su wuce da kansu. Yadda kuka tsara yanzu, in suka makara, babban kamfanin zai rubuta cewa ba su zo ba, kuma yawancin kamfanoni in fasinja bai bayyana a zangon farko ba sukan soke sauran zangunan tikitin, har da na dawowa. Ƙaramin kamfanin kuma zai ce shi alƙawarinsa ya kai su babban fili ne, ya kuma kai. Ko a Tarayyar Turai da ake ganin dokarsu ta fi tausaya wa fasinja, a ƙarƙashin doka mai lamba 261 ta 2004 diyyar Yuro 250 ake biya ga gajeren zango in an makara awa 3, kuma ba a biya in yanayi ne sanadi.

Yi lissafin da kanki. Awa biyu da rabi minti 150 ne. Yawancin jiragen ƙasa da ƙasa suna rufe karɓar kaya saura minti 60 a tashi, saura 90 ke nan. Cikin 90 ɗin za a jira kowa ya sauka kafin a sauko da Hajiya, a ɗauke su a bas zuwa gini, su jira akwatuna, su fita, wataƙila su canja gini zuwa ɓangaren jiragen waje, su bi layi. Ko ƙaramin jirgin ya sauka a kan minti, da ƙyar ne. Mai ƙafa biyu lafiyayyu ma ban ba shi wannan shawarar ba, balle tsohuwa da sanda da 'yar rakiyar da ba ta san wurin ba. Ki fara tambayar yayanku ko kamfanin da ya sayar masa zai iya haɗa ƙaramin zangon cikin tikiti ɗaya. In ba zai yiwu ba, na safe.

Batun farfela kuwa, ki kwantar da hankalinki, wadda ta gaya miki ba ta sani ba ne. Waɗanda aka fi gani a irin waɗannan filaye su ne ATR 72, wanda ake haɗawa a Toulouse ta ƙasar Faransa, mai ɗaukar mutum 70 ko sama da haka kaɗan, da Dash 8-400 na ƙasar Kanada mai kujeru wajen 78. Har yau ana ƙera ATR sabo fil. Injin da ke juya farfelar dangin injin manyan jirage ne, ba irin na mota ba. Ana turo su ne saboda ba sa shan mai sosai a gajeren zango, kuma gajeren titi ya ishe su. Abin da za ki shirya wa Hajiya a zuciya shi ne ƙara da jijjiga. Galibi ba sa wuce ƙafa dubu 25 a sama, don haka sun fi jin motsin iska, musamman da rana tsaka zuwa yamma lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi. Da safe iska ta fi kwanciya. A gaya mata tun a gida cewa jirgin zai riƙa rawa kaɗan, ba alamar matsala ba ce.

Anti Mai Rediyo ta amsa:

Ƙanwata, Injiniya ya gama magana kan tikiti, ban da abin ƙarawa. Ni ce irin matar nan mai riga mai ƙyalli da ya ambata, na yi shekaru ina wannan aikin a ƙaramin fili kafin in ajiye. Batun ƙafar Hajiya zan yi miki.

Ranar da kika sayi tikiti, a ranar za ki nemi a rubuta mata keken marasa lafiya, kada ya gaza awa 48 kafin tafiya. Kuma "muna son keke" kawai ba ta wadatar ba. Kamfanonin jirage suna da alamomi uku da suke sa wa a tikiti. WCHR na wanda zai iya hawa matakala ne, doguwar tafiya ce kawai ba ya iyawa. WCHS na wanda ba ya iya matakala amma in ya shiga zai taka zuwa kujerarsa. WCHC na wanda sai an ɗauke shi har kujera. Yadda kika kwatanta Hajiya, WCHS ce. Ki faɗi haruffan da bakinki, ki sa a karanta miki abin da aka rubuta. Tsofaffi da yawa ba sa son a ce sun gaza, in aka tambaye su sai su ce za su iya, sai an je gindin jirgi ga mutane a baya suna jira, ga iska, ga ƙarar inji, sannan ƙafa ta ƙi. Na ga dattijuwa ta tsaya a tsakiyar matakala tana hawaye, ba ta iya gaba ba ta iya baya, don kawai an rubuta mata alamar da ba tata ba. Har yau abin yana damuna.

Manyan filaye suna da mota mai ɗaga mutum da kekensa har ƙofar jirgi. Ƙananan filaye da yawa ba su da ita. Abin da muke da shi wata siririyar kujera ce mai ɗamara, a zaunar da mutum a ɗaure shi a ƙirji da cinya, ma'aikata biyu su ɗauka, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ba ta da haɗari in waɗanda suka iya ne, amma wanda bai san da ita ba yakan tsorata, wasu kuma su ji nauyin a ɗauke su a gaban jama'a. Shi ya sa muke shigar da su kafin kowa, su kuma sauka bayan kowa. Ki bayyana mata wannan tun yanzu. In ta fi son ma'aikaciya mace ta tsaya kusa da ita lokacin ɗaura ɗamarar, ƙanwarki ta faɗa tun a kanta. A ƙaramin fili mutanen da za su ɗauki kujerar su ne dai masu lodin kaya, in ba a sanar da mu da wuri ba sai mu rasa hannun da za mu ware.

Ki tambayi irin jirgin kafin ki zaɓi kujera. A ATR ta ƙofar baya fasinjoji ke shiga, gaban ma'ajiyar kaya ce, banɗaki ma a baya yake, don haka kujerun baya ne suka dace da ita, kuma sun fi nisa da ƙarar farfela. A Dash 8 ta gaba ake shiga. Kujerar bakin ƙofar gaggawa ba za a ba ta ba, doka ce, kada ku ji haushi. Sandarta za a saka a na'urar bincike a mayar mata, a cikin jirgi kuma a ajiye ta lokacin tashi da sauka.

Yanzu abin da ya fi kama mutane ba shiri: jakar hannu. Ma'ajiyar saman kujera a waɗannan jirage ƙarama ce, jaka mai taya da take shiga babban jirgi sau da yawa ba ta shiga nan. A gindin matakala za a karɓe ta, a ɗaura mata takarda, a sa ta cikin kaya. Saboda haka a yi wata ƙaramar jaka da za ta shige ƙarƙashin kujera, a zuba magunguna, fasfo, waya, tabarau da takardun asibiti, kada ta bar hannun ƙanwarki ko da wa ya nema. Dokar nan ta kada ruwa ya wuce mililita 100 a kwalba, wadda ta samo asali a 2006, ba ta hana magani ba. A bar shi cikin kwalbarsa ta asali mai suna, a haɗa da takardar likita, a fito da shi a nuna kafin a tambaya. Fawa-bank ba ya shiga cikin kayan da za a sa a ƙasan jirgi, sai a hannu. Wanda bai wuce Wh 100 ba, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, babu matsala, irin mai mAh dubu 20 ɗin nan wajen Wh 74 ne. In an karɓi jakar a gindin jirgi, a tuna a cire shi.

Nauyin kaya kuma, tunda tikiti biyu ne, kowane kamfani da ƙa'idarsa. Babban na iya ba su akwati biyu-biyu na kilo 23, ƙaramin ya ce ɗaya ne, wataƙila ma ƙasa da 23. Ki duba tun kafin ku ɗaure kaya. Sannan ki sani ranar da zafi ya yi tsanani iska takan yi sako-sako, jirgi ba ya iya ɗaga cikakken nauyinsa a gajeren titi. Matuƙi zai aiko mana a rage kilo kaza, mu kuma akwatuna muke cirewa mu turo su a jirgi na gaba. Wannan ya fi faruwa da rana, wani dalilin ke nan na bin jirgin safe. In akwati bai fito ba ko ya fito a fashe, kada su bar ɗakin karɓar kaya sai an cika musu takardar rahoto an ba su lamba. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 a rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 na jinkiri. 'Yar takardar da ake mannawa a bayan katin shiga jirgi ita ce shaidarsu, kada a yar.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Anti. Na kira yayanmu na karanta masa. Ya tambaya, an ce kamfanonin biyu ba su da haɗin gwiwa, ba za a iya haɗa tikitin ba. Mun bar na yamma. Na kira ƙaramin kamfanin ma, ATR ne, an kuma rubuta WCHS, na sa an karanta min. Yanzu abin da muke ja da yaya shi ne, ni na ce su bi na safe a ranar tafiyar, shi ya ce su tafi ana gobe su kwana a can. In sun bi na safe za su yi wajen awa tara suna zaune a babban fili. Sannan Anti, na ji an ce a ƙananan jirage ana tayar da mutum daga kujerarsa a mayar da shi wani wuri. Za a iya raba ƙanwata da Hajiya?

Baba Mai Ritaya ya amsa:

'Yata, yayanki ya fi ki gaskiya a wannan. Ni sa'ar mahaifiyarku ne ko na girme ta kaɗan, ni ma da sanda nake tafiya, kuma ina bin irin wannan hanyar zuwa wurin 'ya'yana. Awa tara a kan kujerar ƙarfe, sannan a shiga wani jirgin a yi wasu awoyin a zaune, gwiwa ba za ta yafe ba. Zaman da likita ya hana ta a mota shi ne za ta yi a filin jirgi. Su tafi ana gobe a jirgin safe, su kama ɗaki kusa da babban filin, ta miƙe ƙafa ta yi barci. In na safen ya fasa ga na yamma, in shi ma ya fasa ga na safen gobe. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya ba ya kama ƙafar asarar tikitin ƙasar waje na mutum biyu.

Ina so kuma in rage miki tsoron da na ga an ɗora wa ƙaramin fili. Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ga tsoho ƙaramin fili ne mai sauƙi. Mota tana ajiye ni a bakin ƙofa, taku kaɗan na isa kanta. Mai binciken kaya yana da lokacin da zai jira in cire agogo a hankali. Wani yaro mai tura keke ya san ni har yana tambayar ƙafa. Inda nake shan wuya shi ne babban fili, ga nisa, ga hayaniya, ga mai tura keke ɗaya da tsofaffi biyar suna jiransa. Saboda haka keken nan a rubuta shi a tikitin babban jirgin ma, zuwa da dawowa, domin abin da kika gaya wa ƙaramin kamfani ba ya isa kunnen babban.

Kada ku yi sammakon da ya wuce kima. Wasu ƙananan filaye ba sa buɗe ƙofa sai saura awa biyu ko ƙasa da haka jirgi ya tashi, kuna iya zuwa ku tarar da gini a kulle babu wurin zama a waje. Ku tambayi lokacin buɗe kanta, ku isa daidai lokacin. Kada kuma ku yi sakaci ku ce ai ƙaramin wuri ne za a jira mu. Ma'aikatan da ke kanta su ne za su fita tarbar jirgi, in suka rufe babu mai buɗewa. Wanda ya kawo su kada ya juya sai ya ga jirgin ya ɗaga da idonsa. Ranar dawowa kuma a tanadi mai ɗaukarsu tun da wuri, domin motocin haya suna zuwa ne don jirgi, suna watsewa da fasinjojin farko, su Hajiya kuwa su ne na ƙarshen fitowa. A caja waya ta cika daga gida, ba ko'ina ake samun soket ba. Ƙanwar taki ta zauna inda take ganin ƙofar fita, domin wani wurin babu lasifika, ma'aikaci ne zai ɗaga murya sau ɗaya ko biyu.

Kowane ƙaramin fili da halinsa, sai an tambayi na wurin. A tsibirin Barra na ƙasar Scotland a kan yashin bakin teku jirgi ke sauka, lokacin tashi ma sai an duba cikowa da janyewar ruwa. Naku bai kai haka ba, amma shi ma yana da nasa. Ki je filin da kanki kwana biyu kafin tafiyar, lokacin da babu jirgi a ƙasa, ki sami shugaban ma'aikatan kamfanin ki gaya masa halin Hajiya. Wannan a babban fili ba ya yiwuwa, a ƙarami kuwa za ki same shi a ofis, kuma ranar tafiya zai tuna da ku.

Anti Mai Rediyo ta ƙara:

Ki bi maganar Baba, ƙanwata, musamman zuwa filin kafin ranar. Mun fi son haka nesa ba kusa ba.

Batun canja kujera gaskiya ne ana yi. Ƙaramin jirgi sai an daidaita nauyin gaba da na baya kafin ya tashi. In mutane ba su cika ba, ko kaya sun yi yawa a gefe ɗaya, takardar lissafin nauyi ce za ta nuna a mayar da mutum kaza daga wannan sashe zuwa wancan, ma'aikaciyar cikin jirgi ba ta da ikon sauya lissafin. Amma tana da ikon zaɓen wanda za ta tayar, kuma masu tafiya su kaɗai take fara nema. Mai WCHS da ɗan rakiyarsa a jere ake ajiye su, domin in wani abu ya taso ɗan rakiyar ne hannun farko. Abin da za ki tabbatar shi ne su biyun suna cikin rajista ɗaya mai lamba ɗaya. In daban-daban kika saya, ki kira a haɗa bayanin cewa ƙanwarki 'yar rakiya ce. ATR kujeru biyu-biyu ne hagu da dama, Hajiya ta zauna ta wajen hanya yadda gwiwar dama za ta sami sarari, wato a ɓangaren hagu, ƙanwarki ta taga. In ma'aikaciya ta fi son Hajiya ta koma taga saboda ƙa'idar kamfaninsu, to su nemi ɓangaren da ƙafar mai ciwo ba za ta matsu da bango ba, a faɗi wannan tun a kanta kafin a buga katin.